Ɗaurin Kadangare

Kadangare ake ce masa, don babu katangar da ta taɓa gagararsa. Shekara ashirin da biyu yana ɗaura wa mutane farantin talabijin a kan rufi, kuma yana da wani cika baki da ya ishi kowa: kowane ƙarfe noti biyu yake sa masa, sannan ya sauko yana kakkaɓe hannu yana cewa, "Ko gidan ya faɗi, wannan yana nan." Abin haushin ma, gaskiya yake faɗa.

Da yaƙi ya matso garin, sojoji suka zo shagonsa da wani akwatin ƙarfe mai sanduna, suka ce a ƙolin tankin ruwan gari suke son a kafa shi. Bai tambayi na mene ne ba, wa zai tsaya yi wa mai bindiga tambaya? Amma fa babu wanda ya ce ya sa noti biyu. Sabo turken wawa. Har tsayawa ya yi ya girgiza akwatin, ya ji daɗin yadda ya kafu.

Washegari tashar ƙetare ta ɗauke a duk garin, sai shuuu kawai.

Tashar nan ce kullum ƙarfe huɗu take nuna fuskokin waɗanda suka isa sansanin gudun hijira da rai. Gwaggonsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, ba ta taɓa fashin kallo ba. Autanta direba ne, kuma tun ranar da aka rufe hanya ba a ji ɗuriyarsa ba. Ƙafafun kujerarta har sun yi gurbi a daɓen gaban talabijin.

Sau uku tana aiko masa ya zo ya duba mata farantinta, yana cewa tsaninsa ya karye. Na huɗu ta zo da ƙafarta, dole ya bi ta. Ya hau rufin, ya kwance farantin da lafiyarsa ƙalau, ya juya dama, ya juya hagu, yana ƙwala mata, "Ya kawo?" tana amsawa daga ɗaki, "Bai kawo ba, ɗana." Daga inda yake tsugune yana hango tankin, ga akwatin can yana ƙyalli a rana. Kunya ta hana shi saukowa har kwanon rufin ya fara gasa masa tafin ƙafa.

Da ya sauko ta miƙo masa ruwa a kofi.

"Sha, ka sha wahala. Ba laifinka ba ne, maƙwabta sun ce wani abu aka ɗaura a kan tanki." Ta gyara zama a kujerarta, ta dubi agogon bango. "Bari dai damina ta faɗi, iska ɗaya za ta yar da shi, in ga yarona. Ai ba kowa ne ke ɗauri irin naka ba."

"Haka ne, Gwaggo," in ji Kadangare. Ya ajiye kofin bai sha ba.