Ranar da Sverre Ya Fasa Hancin Mai Gashin Ƙashi

Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar gyaran kifi ta bakin gaɓa ya san Sverre Kvalheim. Wasu sun san shi a aboki, wasu kuwa nauyin hannunsa suka sani. Ni teburina na jingine da nasa shekara da shekaru, yana fille kan kifi ina feɗe ciki, kuma ƙanena na cikin waɗanda ya zubar wa haƙora tun suna samari. Ƙato ne mai jan gemu, kunnensa ɗaya a yage. Da igiyar jirgi ubansa ya rene shi, ya tashi bai san yadda ake raba gardama ba sai da naushi. Jiragen kamun kifi suka yi ta korarsa har ya dawo tudu. Ranar bikinsa ma sai da ya jefa wani ɗan'uwan amarya cikin teku, da kwat ɗinsa da komai.

Matarsa Ingunn kaɗai ce ba ta shakkarsa. 'Yar firit ce, amma bakinta ya fi wuƙarsa kaifi. Idan ya fara huci takan ce, "Kai bijimi, in fashe-fashe kake ji, fita waje ka fasa kanka. Kwanukan nan na uwata ne."

Sai aka haifa musu Tuva. Haihuwar ta zo da gardama, jaririyar ta jima ba ta yi numfashi ba, ƙwaƙwalwarta ta taɓu. Ta girma ba tafiya, ba magana, hannuwa a dunƙule, ƙafafu a sanƙare. Amma tana ji, tana ganewa, kuma ba abin da ke sa ta dariya kamar ta ji ubanta yana zagin injin motarsa. A gida Sverre bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. A waje kuwa abin ƙaruwa ya yi. Wani direban babbar mota ya taɓa kwaikwayon yadda Tuva ke karkata baki, Sverre ya kama ƙeyarsa ya dinga buga masa goshi a ƙofar motar har sai da muka taru muka ɓamɓare shi.

Da ta kai shekara goma sha biyu, ƙashin bayanta ya karkace har haƙarƙarinta na neman haɗuwa da ƙugu, huhunta ya matse. Likitocin babban asibitin birni suka ce sai an tsaga bayan tun daga wuya har ƙasa, a miƙar da shi da sandunan ƙarfe. Sun zaunar da iyayen sun yi musu bayani. Za a bar siririn bututu a gefen laka yana ɗiga maganin kashe zafi. A yara irin su Tuva, zafi kan sa jijiyoyi su ɗaure, ɗaurewar kuma ta ja wurin ɗinki ta ƙara zafin. Duk da haka dole a riƙa juya ta, a zaunar da ita da wuri, in ba haka ba majina ta cika mata ƙirji. Ingunn ta haddace komai. Sverre kuwa taga yake kallo.

Kwana kaɗan bayan tiyatar na hau jirgin ruwan safe na kai musu soyayyen kifi da gahawa a filas. Na tarar da Tuva kwance ta yi fari fat, leɓɓa a bushe. Da safen nan aka zare bututun, aka koma ba ta magani ta ciki, bai kuma gama kama jikinta ba. Sverre na zaune a gefen gado, idanunsa jawur.

Sai ga nas Borghild, dattijuwa mai furfura, tare da mai gashin ƙashi, wato mai motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, wani siririn saurayi mai tabarau, Eilif. Ya duƙa ya ce, "Tuva, sannu. Za mu ɗan juya ki, kin ji? A hankali za mu yi."

Suna sa mata hannu jikinta ya ƙame. Kanta ya wulla baya, ƙafafunta suka miƙe suka harɗe, ta saki wata ƙara wadda ban taɓa jin irinta daga bakin ɗan Adam ba. Jini ya ɓullo ta cikin bandeji.

Sverre ya miƙe. "Sake ta."

Eilif bai waiwayo ba. "In na sake ta a tsakiyar juyi sai ta fi jin ciwo. Ka ɗan ba ni..."

Bai ƙarasa ba. Sverre ya fizgo shi ta wuyan riga ya zuba masa naushi a tsakiyar fuska. Na ji ƙarar ƙashi. Tabarau ya tashi sama, saurayin ya bugi ƙarfen ƙarin ruwa suka zube ƙasa tare. Sverre ya bi shi ya danne da gwiwa ya ƙara masa. Borghild ta kifa kan yarinyar ta riƙe ta da jikinta duka don kada ta faɗo, tana ihun a zo. Tuva na ta ƙara, jini har jikin bango.

Ingunn ce ta tsayar da shi. Ta warci filas ɗin daga hannuna ta rafka masa a ƙeya iya ƙarfinta. "Ɗan iska! Kalle ta! Kalli abin da ka yi mata!"

Ya juyo. Yarinyar ba Eilif take kallo ba, shi take kallo, idanunta a waje, numfashinta na sarƙewa. Masu gadi suka shigo suka murɗe masa hannu, bai ko motsa ba. Daga nan sai 'yan sanda.

Da aka ba da belinsa, asibiti ya hana shi shiga. Ya ƙi komawa gida, ya tare cikin motarsa a filin ajiye motoci. Can sama a ɗakin jinya kuwa jikin Tuva ya rikice. Ko ƙofa aka buɗe sai ta sanƙare. Likita ta ƙara maganin zafi mai ƙarfi, numfashin yarinyar ya yi ƙasa, dole aka rage. Aka haɗa mata da na sakin jijiyoyi, aka koma ba ta tun kafin a taɓa ta, aka rage haske da hayaniya. Ya taimaka, amma da zarar baƙon hannu ya sauka a kafaɗarta sai tsoro ya rushe komai. Zazzaɓi ya shigo, ƙirjinta ya fara ƙara.

Na koma ranar Asabar, ina tsaye jikin motar ina lallashin Sverre ya ci burodi, sai ga Eilif ya nufo mu. Hancinsa a naɗe da filasta, ƙasan idanunsa baƙi ƙirin. Ya tsaya nesa kaɗan.

Sverre ya ce, "In ramawa ka zo yi, ga ni."

"Ni? Da wane hannun? Kotu ce za ta rama mini, kuma ba zan janye ba, ka ji da kyau." Muryarsa ta hanci take fita. "'Yarka na buƙatar a zaunar da ita yau, ko a ɗora ta kan injin numfashi. Ba ta yarda da hannun kowa ba. Na roƙa, an ba ka izini, da mai gadi a bakin ƙofa. Kai za ka ɗaga ta."

"Ni zan sa ta wannan ihun?"

"Kai. Kuma za ta yi shi. In ka saki, ka cuce ta."

Muka hau tare. Ingunn ko kallonsa ba ta yi ba. Borghild ta riga ta ba da magani, aka jira ya ratsa. Sverre ya durƙusa ya sa bakinsa a kunnen yarinyar. "'Yar baba, jakin ubanki ne ya dawo. Ki yi haƙuri da ni."

Eilif na bayansa yana faɗa masa inda zai sa hannu: ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu, kada bayan ya murɗe. Suka juya ta. Ta yi ƙara, jikinta ya ɗaure, muƙamuƙinta ya datse a kan damtsensa. Haƙoran suka nutse, jini ya gangaro har gwiwar hannu. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi, mai gadin ya matso. Sverre bai saki ba. Yana ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, hawaye na bin gemunsa, har ƙafafunta suka saki kaɗan-kaɗan, aka zaunar da ita a bakin gado. Ta yi tari, ta amayo majina mai kauri a ƙirjinsa, sannan ta ja iska mai tsawo.

Borghild ta ce, "Yauwa. Gobe ma haka, da jibi. Zo a ɗinke ka, kada ka ɓata mini ƙasa."

Haka ya yi ta yi har aka sallame su. Kotu ta ɗaure shi wata biyu, ya yi zamansa bai ɗaukaka ƙara ba. Ingunn ta daɗe kafin ta bar shi ya koma ɗakinta. Ba zan ce ya zama salihi ba, don bara ma ya kifar da teburi a wurin taron ƙungiyar ma'aikata. Tuva dai yanzu zaune take tsaf a kekenta, tana cin abinci ba ta ƙwarewa, ciwon ya tafi sai ɗan abin da ba a rasa ba lokacin sanyi.

Eilif ne bai warke da wuri ba. Mun ji cewa ya bar sashen yara, wai idan uba ya miƙe tsaye a ɗaki sai gumi ya karyo masa. Da labarin ya iso, Sverre ya zaɓi busasshen kifi mafi kyau a rumfar shanyarsa, ya naɗe ya aika masa. Bayan mako guda ƙunshin ya dawo ko buɗewa ba a yi ba. A wurin aiki aka miƙa masa. Kowa ya ja baya daga teburinsa. Ya daɗe yana juya ƙunshin a hannu.

"Ya yi daidai," in ji shi. Ya tura shi ƙarƙashin teburi, ya jawo kwandon kifi na gaba.