Susanna da Giyar da Ta Shekara a Ganga

Duk wanda ya sha burkutu a Sabon Garin Zariya tun zamanin da jirgin ƙasa ke cika tasha ya san Susanna. Ba fara'a ta sa aka san ta ba, don ba ta da ita. Harshenta aka sani. Ta zo daga wajen Kachiya tana budurwa, ta zauna gun ƙanwar uwarta mai dafa giya, ta koyi jiƙa dawa da shanya tsiro da tsayuwa kan tukunya, har hayaƙi ya rage mata ganin ido ɗaya. Da ta kafa nata gidan, in ta ɗiga giyar wata a harshe sai ta faɗi ko dawar bana ce ko ta bara, ko an ƙara ruwa. Matan sana'ar ba sa ƙaunarta, amma in tukunya ta rikice wa ɗayarsu, ita ake aika wa.

Doka ɗaya ta riƙe duk rayuwarta, kuma haka ta taras a garinsu: wanda ya miƙa ƙwarya shi ke fara kurɓa, a gaban wanda zai ba. Mijinta Mordecai, ma'aikacin reluwe, ya taɓa karɓar kwalba a hannun wani abokin aikinsa wurin biki, ya sha ba tare da mai bayarwa ya kai baki ba. Bai ga ƙarshen watan ba. Asibiti suka ce hanta ce, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu, don Mordecai ba ya barin ƙwarya da saura. Susanna ta saurare su, ta binne mijinta, ba ta sake gaisawa da mutumin ba har shi ma ya mutu.

Da gwiwoyi suka ƙi, ta sayar da tukwanen ta koma Samaru gidan ƙanenta Toma, wanda ya yi ritaya daga aikin gona a jami'a. Toma mutum ne mai saurin cewa to. Susanna ta ɗauki ƙin cewa to a matsayin aikinta na gidan.

Lovelyn, 'yar Toma, nas ce, kuma ta samu wanda take so. Sunansa Oluwole, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, mai haɗa wa mutane wutar sola. Aka sa wata Lahadi bayan an taso daga coci zai zo gaida uban, kafin manyansa su zo. A al'adar su Toma saurayi da abin sha yake zuwa. In uba ya sha, ya buɗe ƙofa ke nan. In ya ture gefe ya ce sai an jima, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Oluwole ya shigo ya kwanta rub da ciki irin gaisuwar su, ya ajiye wa mata kiret na lemo. Sannan ya zaro kwalba ɗaya tak daga kwali, baƙa, an liƙe bakinta da jan kaki. Ya ce daga Turai ya taho da ita, inda aka tura shi kwas. Baƙar giya ce mai ƙarfi, in an gama dafa ta sai a zuba a gangar katako da aka taɓa ajiye wiski a ciki, a bar ta ta shekara. Ya ɓare kakin ya tsiyaya a kofin gilas. Ta zubo a hankali kamar baƙin man mota, da kumfa kalar ƙasa. Ya ajiye gaban Toma da hannu biyu, ya ja baya ya zauna kan tabarma. Bai kurɓa ba.

Toma ya miƙa hannu. Susanna ta ɗora sandarta kan tebur, tsakaninsa da kofin.

Ita a saninta giya abu ce mai rai. Burkutu in ya kwana biyu ya fara tsami, in ya ƙara sai a ba aladu. Abin da ya shekara bai lalace ba, an sa masa wani abu. Ga shi kwalba ɗaya ce, ta mutum ɗaya, mutumin da maganarsa ake jira. Ba guba take zato ba, me yaro zai samu da gawar suruki. Maganin rufe baki take zato, irin wanda ake ba uba ya sallama 'yarsa bai tambayi komai ba. Ta ce ta ga an yi a Sabon Gari, kuma ba wanda ya isa ya ce mata ba ta gani ba.

"Yaya, a gabanmu fa ya ɓare ta," in ji Toma.

"Allura tana shiga kaki," ta ce.

Ta umarci Oluwole ya sha tukun. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce a gidansu yaro ba ya riga babba kai baki, tamkar ya ba uba ragowarsa ne. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa shi bai taɓa shan giya ba, ubansa dikin ne, cikin shugabannin coci, shi ya sa ya tambayi mai kanti a can ƙasar me ya dace da dattijo, aka miƙo masa wannan.

"Wato ka ɗauko abin da bakinka bai sani ba, daga hannun wanda ba ka san ubansa ba, ka ajiye gaban ƙanena."

Lovelyn ta ce to ita bari ta sha, a huta. Susanna ko kallonta ba ta yi ba. "Ke zauna. Ai ke kin riga kin sha naki tuntuni."

Ta sa aka ɗauko mata ɗan ƙoƙon da ya rage mata daga kayan sana'arta, ta rage daga kofin Toma ta zuba, ta miƙa wa saurayin. Oluwole ya dubi Lovelyn, ya dubi Toma ya nemi gafara, ya ɗaga ƙoƙon ya shanye gaba ɗaya kamar mai shan maganin zazzaɓi. Tari ya kama shi, hawaye suka zubo. Da ya samu numfashi ya ce, "Mama, kamar an narka gawayi a zuma."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce a jira. Kumfar kofin Toma ta kwanta, miyar da aka dafa ta huce, ita kuwa ta gyara zama ta soma tambaya: garin uwarsa, cocinsu, dalilin da yayansa ya rabu da matarsa, ko akwai wata da ya ajiye a Ilori. Da farko amsa gajeru yake ba ta. Da giyar ta hau, sai ya saki. Ya faɗi wadda ya taɓa nema ta ƙi shi, ya faɗi cewa uwarsa ta fi so ya auri 'yar garinsu amma ta haƙura, ya faɗi cewa tun da Lovelyn ta ba shi labarin gwaggonta yake gumi in ya tuna Lahadin nan. Lovelyn ta rufe fuska da ɗankwali.

Susanna ta yi nazari. Maganin rufe baki ba ya sa mutum zuba haka.

Sai ta ɗauki kofin ta shinshina. Ƙaurin kofi, ƙamshin tsohon katako, da wani abu kamar dabino. Ta ɗiba kaɗan ta riƙe a harshe. Zaƙi ya fara zuwa, ɗaci ya biyo, sannan wani ɗumi ya gangara ƙirji kamar ogogoron da aka koya wa ladabi. Ta ce wanda ya dafa ya iya, da gangan ya gasa tsiron har ya kusa ƙonewa, amma ganga ta fi ƙarfin hatsi. Ba giyar gayya ba ce, ƙwarya ɗaya za ta kwantar da manomi a kan kunyar gona. Giyar mutanen da ba su da maƙwabta ce.

Toma ya tambaya ko akwai wani abu a ciki.

"Ban ji ba," ta ce. "Ban ce babu ba."

Ta janye sandar. Toma ya sha, ya yamutsa fuska, ya ce to.

An yi auren. Ragowar kwalbar Susanna ta ajiye ta ƙarƙashin gadonta, a buɗe, tana jiran ranar da za ta kama giyar da laifi. Oluwole kuwa ko lemo ya kawo mata sai ya kurɓa tukun, kuma har yau maƙogwaronsa take kallo, sai ta ga ya haɗiye.