Fatar Ragon Sunan Auta

A dangin Inna ba a sayar da fatar ragon suna. Dukawa ne tun kaka da kakanni, kuma al'adarsu ce a jeme fatar, a rina ta ja, a ɗinka wa yaro takalminsa na farko da ita. Nawa yana nan a ƙasan akwatin Inna, ya ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa.

Ina aji ɗaya na sakandare a Birnin Kudu aka haifi ƙanena. Auta muke ce masa. Bayan suna Baba ya barbaɗa wa fatar gishiri ya shanya, da ta bushe aka aika wa Kaka, mahaifin Inna, a ƙauyensu da ke wajen Fagam. Sai dai hannun Kaka ya riga ya fara rawa, kawunnaina kuma duk sun bar sana'ar. Fatar ta dawo daga wurin majemi, ja wur, aka naɗe ta aka rataye a zaure.

Da na je hutu, kullum ina raɓe a bakin zauren ina kallon Kaka yana gyaran jakunkunan mutane. Ina dai lura da yadda yake dafe gwiwar hannunsa a cinya kafin ya huda, don rawar ta ragu.

"Amarya," in ji shi wata rana, "kallon ya isa haka. Ko kin zo duba tsufana ne ki sake miji?"

Na sunkuyar da kai.

"Zo ki zura min zaren nan. Basillar zamani duk ramin ƙarya gare ta."

Na zura. Ya dubi yatsuna ya daɗe, sannan ya ɗaga kai ya dubi fatar da ke rataye.

"Wancan ɓarawon matan da uwarki ta haifa min, ke za ki yi masa takalmi. Ni ba na yi wa abokin takara aiki."

Bai bar ni na taɓa fatar Auta a hutun nan ba. Ɓarɓashin fata ya tara min, ina ta huda da tsinken ƙarfe. Tsakanin huda da huda kada ya wuce faɗin ƙwayar dawa. In na karkace sai ya shafa da ɗan yatsa, ko dubawa ba ya yi, ya ce, "Wannan hanyar Gwaram ce da damina. Sake." Ya koya min goga wa zare kakin zuma, da riƙe wuƙa a kwance. Ya nuna min fatar gadon baya ita ce mai ƙarfi, ta ciki kuwa saki take yi. Abin da ya fi tsana shi ne gaggawa. Yakan ce fata ba zane ba ce, ramin da ka huda ba ya rufewa. Na koma makaranta yatsuna duk tabo, warin bagaruwa ya kama hijabina.

Shi ba ya awo da tef. Ya ce in zan dawo in karyo tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafar yaron, daga dunduniya zuwa babban yatsa. Haka na yi. Auta yana ta wutsil-wutsil yana dariya, na karya tsinken na naɗe a gefen ɗankwali. Dogon hutu guda na ƙarar a kan takalmin farko. Da na kawo gida, yatsunsa kawai suka shiga. Inna ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa na shige ɗaki.

"Kin ɗauka zai tsaya jiranki?" in ji Kaka da ya ji labari. "Yaro kamar kabewa yake, kina barci yana yaɗo. A kan tsinke sai ki ƙara faɗin babban yatsa. A bar masa wurin girma."

Na auno tsinke na biyu, na yanka sabo da wurin girmansa. Saura kaɗan fatar gadon bayan ta ƙare, don na ɓata da yawa. Na so in yi wa wannan ado, ɗan zanen ganye a fuska da baƙin zare. Hutu ya ƙare ban gama ba.

A zangon nan ne Auta ya fara kuka irin wanda ba a rarrashinsa. Hannuwansa da ƙafafunsa suka riƙa kumbura, suna sheƙi. A babban asibiti aka ce sikila ce. Yana samun sauƙi, ya koma. Sa'o'insa na unguwa suka fara tafiya, shi kuwa in ya dafa bango ya miƙe sai ya zauna ya dube mu. Ni a raina na ƙudurta cewa takalmi yake jira. Ban faɗa wa kowa ba.

Hutu na gaba na kai tsinke na uku, don Kaka ya ce a duba ko wurin girman ya isa. Yana ajiye tsinkayen a wani gwangwanin madara. Ya fito da na biyu, ya jera su a tafin hannunsa. Kansu ɗaya. Ya juya su, ya sake jerawa. Watanni ne tsakaninsu, amma ko ƙwayar gero ɗaya bai fi ɗaya ba.

Na jira ya yi tsokana. Bai yi ba. Ya mayar da su gwangwani ya rufe.

"Bar ganyen nan," ya ce. "Ɗinke bakin kawai."

"Kaka, saura ɓari ɗaya."

"Na ce ki bari. Yi sauri."

Mutumin da ya hana ni sauri tun ranar farko. Babu wanda ya taɓa gaya min yadda ciwon Auta ya kai, ko Inna, ko Baba. A bakin Kaka na ji, da kalmar nan guda. Na ɗinke ina ganin dishi-dishi. Ɗinkin ya karkace a dunduniya, ya shafa ya ji, bai ce in sake ba. Washegari ya raka ni bakin titi da kansa, ya tsayar da mota.

Na tarar an kwantar da Auta a asibiti. Inna tana zaune a gefen gado, ta rame. Auta ya gane ni, ya miƙo hannun da ba a ɗaure da allurar ƙarin ruwa ba. Na fito da takalmin daga jakar makaranta, ƙafa ɗaya da ganye, ɗaya babu. Kumburin ya sauka a ranar. Na zura masa, suka shiga sumul, har ɗan yatsana yana shiga a baya.

"Ka ga angon," in ji wata tsohuwa mai jinya a gadon kusa. "Sai ina kuma, Alhaji?"

Inna ta tallafe shi ta hammata ta tsayar da shi a kan katifa. Ya dubi ƙafafunsa, jajaye. Ya ɗaga ɗaya, ya sauke. Ya ɗaga ɗayar. Sai ya gaji, ya kwanta a ƙirjinta. Daga baya ya cire mai ganyen ya sa a baki yana ta ciza. Ban hana shi ba.

Kafin a koma makaranta Allah ya karɓi abinsa.

Kaka ya zo gaisuwa, aka shimfiɗa masa tabarma a soro. Da mutane suka ragu ya aika a kira ni. Na zo da takalmin a cikin hijabi, don na san abin da zai tambaya.

"Ya taka?"

"Ya taka. A kan gado."

Ya karɓa ya kifa su a tafinsa. Ƙasansu fes, ko ƙura babu. Ya bi da yatsa har ya kai kan shatin haƙora huɗu a gefen ganyen, ya tsaya a nan. Hannunsa yana rawa, bai dafe gwiwar a cinya ba.

"Ya yi masa daidai?"

"Ya yi masa yawa. Na bar wurin girman da ka ce."

Ya gyaɗa kai.

"Haka ake yi," ya ce. "Kin yi daidai. Ko an sani, haka ake yi."

Inna ta rabar da kayan Auta sadaka, riguna da huluna, har kwanonsa. Takalmin ne ta sa a ƙasan akwati kusa da nawa. Nawa ƙasansa ya cinye, dunduniyar duk ta goge ta gefe ɗaya.

Har yanzu ina zuwa Fagam da hutu. Ni nake zura zare, ni nake huda, Kaka yana shafawa yana cewa in sake. Gwangwanin madarar yana nan a kan taga. Matar kawuna ta haihu bara, an aiko da fata da tsinke. Da na buɗe gwangwanin zan saka, na ga ukun nan suna ciki, ya ɗaure biyu da jan zare. Na ɗora sabon tsinken a kan fata, na ƙara faɗin babban yatsa, na yanka.