Fuskar Goggo a Kasuwar Gidan Rumji

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, a Maraɗi, mushe, wato malamin da ke koya mana haɗa fim, ya raba mu bibbiyu, ya ce kowa ya fita ya ɗauko rayuwar mutane yadda take, ban da wasan kwaikwayo. Ni aka haɗa ni da wani ɗan ajinmu mutumin Gazawa, dogo marar yawan magana, wanda ya fi kowa iya riƙe kamara. Ni kuwa tun ina ƙaramar lakol, wato firamare, zane ne abina, saboda haka afish ya faɗo kaina, wato takardar da ake mannawa a bango don tallar fim. Sauran 'yan ajin suka bazu cikin gari, wasu wurin 'yan kabu-kabu masu haya da babur, wasu wurin majema. Na ce da abokin aikina mu tafi ƙauyenmu, can wajen Gidan Sori, akwai matar da nake so a gani.

Goggona ce, yayar babana. Mijinta ya tafi cin rani arewa tun ina yarinya, aka yi ta samun labarinsa, daga baya labari ya yanke. Ba ta koma gidanmu ba. Ta zauna a ɗakinta ta riƙe 'ya'yanta da gamanarta, wato ɗan yankin da ake yanka wa mace a gonar gidan miji ta noma abin kanta. Lokacin da aka ba ta wurin fako ne, ko ƙarangiya ba ta son fitowa a kansa. Da ka ta riƙa ɗaukar taki tana zubawa har ya zama gona. To, a wannan shekarar ƙanen mijinta, wanda ya zama maigida, ya shaida mata cewa da an yi girbi za a sayar da wannan ɓangaren ga wani alhaji na Maraɗi, har da gamanar.

Muka isa bisa moto, wato babur, damina ta yi tsaka, hatsi ya kai ƙugu. Na yi mata bayanin abin da ya kawo mu. Ta ce mu ɗauka, amma ba za ta tsaya mana ba, ba za ta kuma maimaita komai ba, wanda bai kama ba shi ya jiyo. Haka muka yi ta binta. Tana tura hauya tsakanin kunyoyi, abokin aikina yana tafiya da baya a gabanta, ni ina riƙe da sandar ɗaukar murya har hannuna ya sage. Ba ta yi kuka ko sau ɗaya ba. Takan yi magana ne tana aiki, fuskarta a ƙasa, kamar da hatsin take yi. A nan ne ta faɗi kalmar da ta zama sunan fim ɗin. Na tambaye ta ko tana da wata shaida cewa gonar tata ce, ta ce, "Ni na share ta."

Mun je wurin ƙanen mijin ma. Na ɗauka zai kore mu, sai ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Ya ce 'ya'ya maza sun yi yawa a gidan, ƙasa kuwa ba ta haihuwa, rumbu ba ya kai su bazara, in bai sayar da wani yanki ba samarin duk za su bi hanyar da yayansa ya bi. Bai yi mana ƙarya ba. Mun sa maganarsa a fim ɗin ɗungurungum, ba mu yanke komai ba.

Rigimar ta fara ne da muka koma Maraɗi. Mushe ya kalli abin da muka haɗa a kwamfuta, ya yaba ƙwarai, ya ce wannan shi zai aika wurin bikin nuna fina-finan ɗalibai. Sai ya tsayar da hoton a wani wuri ya ce ga afish nan, kada in wahalar da kaina. Goggo ce zaune a gindin aduwa, kanta sunkuye, kallabinta ya zame, hannunta ɗaya a ƙasa. Duk wanda ya gani zai ce duniya ta gama da ita. Ni kuwa ina wurin aka ɗauka, na san ƙaya take cirewa daga ƙafarta, tana ma yi wa abokin aikina ba'a a lokacin.

Na gaya masa haka. Ya ce ba kome, afish ba shaida ba ce a gaban alƙali, aikinsa ya sa mai wucewa ya tsaya, kuma tausayi shi ke tsayar da mutane. Ya ƙara da cewa sunan fim ɗin a rubuta shi da Faransanci, don waɗanda za su zo kallo ba duka ke jin Hausa ba.

Ni akwai hoton da na riga na zaɓa. Wata rana abokin aikina, garin tafiya da baya, ya taka mata wake. Ta miƙe tsaye, ta dogara hauyar a ƙasa, ƙotar ta wuce kanta, ta zuba masa ido. Da yake kamara na fuskarsa, sai ya zama duk mai kallo shi take kallo. Na kwashe kwanaki ina zana wannan tsayuwar da gawayi da tawada, don hoton kamara ya yi mini laushi. Na bar tsagar fuskarta yadda take, na bar jijiyoyin hannunta. Sannan na shigar da zanen a kwamfuta, na yi masa bango ja irin jan ƙasar wajenmu, na rubuta maganarta da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin ƙafafunta, da Hausa.

Da na kai wa mushe a buronsa, wato ofishinsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce zanen ya yi kyau, amma matar nan kamar za ta doki mutum, ba wanda zai ji tausayinta.

Na ce, "Mushe, ba ta aiko ni neman tausayi ba."

Ya ce shi ya daɗe a wannan harka, ya san abin da ke tafiya. In na canza, fim ɗinmu ya je biki. In na ƙi, akwai na wasu. Ya ba ni lokaci in yi tunani. Na fito, ban taɓa mayar wa malami magana ba sai ranar. Abin da ya fi damuna abokin aikina ne, wanda ya sha rana da cizon sauro a ƙauyen da ba nasu ba. Na same shi na gaya masa duk yadda aka yi, na ce in yana so in canza, zan canza saboda shi. Ya ce shi aka yi wa wannan kallon, ya san nauyinsa, a bar shi.

Ba mu canza ba. Mushe ya aika fim ɗin majema, mu kuma ya ba mu makin da ya ishe mu wucewa kawai. Ba na ce mugu ba ne. Har yau in mun haɗu muna gaisawa, ya kuma koya mini abubuwa da yawa da nake ci da su. Amma a wannan magana ban yarda da shi ba, har gobe.

Tunda biki ya wuce mu, muka ce to mu kai fim ɗin inda aka ɗauko shi. Muka buga afish ɗin a wani shago kusa da tasha. Bayan girbi na koma gida da su a naɗe. Kafin in manna ko ɗaya na kai wa goggo, na nuna mata duka biyun, nawa da wanda mushe ya so, na karanta mata rubutun. Ta kalli na gindin aduwar ta ce wannan wace marar lafiya ce. Ta ɗauki nawa ta miƙa hannu da shi nesa, ta karkata kai, ta ce na ƙara mata tsawo, amma ba laifi.

Shugaban lakol ɗin ƙauyen ya yarda ya ba mu aji ɗaya ranar da ba karatu. Muka manna afish a bangon lakol, da bakin rijiya, da wurin mai cajin waya. Ranar kasuwar Gidan Rumji kuma muka je muka manna a rumfunan 'yan hatsi, don mutanen ƙauyukanmu duk can suke ci.

Kafin la'asar an yage na kasuwar. Kashegari ƙanen mijin goggo ya zo wurin babana. Ina daga cikin gida ina jin muryarsa a zaure. Ya ce wai na rataye matar yayansa a kasuwa kamar tallar sabulu, mahauta da 'yan kamasho suna nuna ta da baki, alhajin ma ya ji labari ya fara ja da baya. Da ya tafi babana ya kira ni. Mutum ne mai gudun magana, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce ya kai ni lakol ne don in zama mutum, ba don in tona asirin gidan surukai ba. Ya ce in je in cire sauran, a bar maganar kallon nan.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri. In goggo ta ce in cire, yanzu zan cire. Fuskarta ce."

Ya san yayarsa. Ya aika aka kira ta, ta zo da ƙwaryar wake a ka, ko zama ba ta yi ba. Ya yi mata bayani a hankali, yana zaɓen kalmomi. Ta ce masa lokacin da take ɗaukar taki a ka tana ratsa gari, kowa na ganinta, ba wanda ya ce asirin gida ya tonu. Yau da aka ce za a karɓe wurin ne fuskarta ta zama abin ɓoyo. Ta juyo ta tambaye ni ko akwai saura. Na ce akwai. Ta ce in ba ta ɗaya.

Da kasuwa ta zagayo, goggo ta hau amalanken maƙwabta da buhun wakenta da afish ɗin a naɗe cikin zane. Na bi ta. Ta sami wurinta a layin mata masu awo, ta jiƙa ƙaro ta manna takardar a jikin ginshiƙin rumfa, daidai saman kanta, ta zauna a ƙarƙashi ta buɗe buhu. Mutum ya zo wucewa ya dubi ta sama, ya dubi ta ƙasa, ya sake duban ta sama. Wasu suka yi dariya, ita ma ta taya su. Masu karatu suka karanta wa marasa karatu. Mata suka riƙa tsayawa suna tambaya, tana gaya musu rana da wuri, tana auna musu wake. Na hango ƙanen mijin daga nesa wajen 'yan awaki. Ya tsaya ya kalla, bai matso ba. Ba wanda ya taɓa takardar har kasuwa ta watse, ta ɓamɓare abinta ta naɗe.

Ranar kallo muka aro telebijin da batir wurin mai cajin waya, muka toshe tagogin ajin da zannuwa don hasken rana. Mata suka cika ajin har ƙofa, wasu daga ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba, maza suka tsaya a baya. Da goggo ta fito a allo aka yi ta guɗa da dariya, don yawancinsu ba su taɓa ganin wanda suka sani a telebijin ba. Da ta fara maganar gonar sai ajin ya yi tsit. Wata tsohuwa a gabana ta ce, ba da ƙarfi ba, tata ma haka aka yi da ita. Ƙanen mijin yana bakin ƙofa, ya ji tasa maganar a fim ɗin daga farko har ƙarshe. Da aka tashi ya tare ni a waje, ya ce ko ba komai ban yanke masa magana ba. Bai ce ya fasa sayar da gonar ba.

Maganar ta kai gaban mai gari, abin da da ba za ta kai ba, don irin wannan a cikin gida ake gama shi mace ta ji daga baya. Aka yi zama, goggo ta je da kanta, babana ya raka ta ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Ba ta yi nasara gaba ɗaya ba. Aka sayar da yankin tudu, har da wani ɓangare na gamanar. Amma gefen kwari, inda ta fi zuba taki, aka bar mata shi a gaban shaidu, muddin tana raye, bayanta kuma na 'ya'yanta ne. Ta dawo gida ranar ba ta yi murna ba, ta ce an yanke mata hannu ɗaya an ce ta gode da ɗayan.

Abokin aikina ya sa fim ɗin a katin waya ya ba 'yan'uwansa, daga nan ya yi ta yawo. Wata mata daga Gangara ta taɓa tsayar da ni a tashar Maraɗi ta ce ta gan shi a wayar ɗanta, tana so ta san yadda aka ƙare. Na gaya mata gaskiya, rabi ne.

Yanzu ina da ɗan shagona a Maraɗi, ina zana allunan shaguna da afish na taro, wani lokaci na fim in ya samu. Alhajin ya kewaye yankinsa da shingen waya, ya sa ɗan ƙwadago yana nome masa gyaɗa. Daminar bara na je gida na tarar da goggo ta shuka wake har gindin wayar, ya yi yaɗo ya haye ta ya leƙa ɗaya gefen. Ɗan ƙwadagon ya yi mata magana, ta ce ya gaya wa maigidansa abin da ya tsallaka nasa ne, ya tsinka ya ci.