Bencin da Muka Ɗauko daga Adjamé

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar wata Litinin, zamanin yaƙin Turawa, mu huɗu ne a ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ta Treichville: Baba, ni, ƙanena, da malaminsu, wanda ake kira mushe, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci. A gabanmu akwai sabon benci.

Ga yadda aka yi. Da farko, Baba bai sa ƙanena lakwal ba sai da ya sauke Alƙur'ani, ya riga ya yi tsawo kamar gora. Na biyu, da yake bai iya Faransanci ba, aka zaunar da shi a gaba cikin ƙananan yara, kan benci mai haɗe da tebur. Gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashi, sai ya zauna a karkace. Na uku, na baya ba sa ganin allo, mushe ya ce ya riƙa sunkuyawa. Haka yake yini.

Ba a jima ba wuyansa ya sage. In an kira shi, da jiki duka yake juyowa. Inna ta shafa man kaɗe, wanzami ya yi ƙaho, gari na wayewa ya koma kan bencin. Mahauta abokan Baba har tsokanarsa suke: "Alaramma, ba a ɗago daga ruku'un ba?"

Baba ya kai shi wurin kafinta a Adjamé, aka auna shi, aka yi benci daidai jikinsa. Ni na ɗauko shi a ka, na haye gada da shi. Ni ne kuma tafinta, da ɗan Faransancin da na tsinta wurin dako.

A ƙofar lakwal ɗin Baba ya ce mini, "Gaya wa mushe kyauta ne."

Mushe ya shafa katakon, ya yaba aikin. Sannan ya ce, "In mai duba makarantu ya ga benci ɗaya ya bambanta, ni zai kora. Doka ta ce duk iri ɗaya."

"Tambaye shi, yaran ma duk iri ɗaya ne?"

Na tambaya. Mushe ya dubi ƙasa. Aka kaɗa ƙararrawa.

Baba ya juya ga ƙanena. "In ka gaji, mu tafi gida."

"Zan zauna, Baba."

Ya shiga, muna kallo ya naɗe jikinsa a kan tsohon bencin nan. Na kai bencin gida, Inna ta riƙa jera tukwane a kai. Ƙanena ya zama akawu, amma har ya rasu kansa bai miƙe ba.

Kai mai karatu, in kana da yaro a makaranta, kada ka tsaya a ƙofa. Shiga ajin ka dubi zamansa: ƙafa tukuna, sai gwiwa, sai wuya. In ka ga karkata, ka yi magana ranar.