Hanyar da Na Share wa Baba

Ranar wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, a kakar shekarar da nake aji huɗu na firamare a Zango. An gama yankan gero, dammuna na jingine a jikin katanga, tsakar gidanmu kuma babu wurin taka ƙafa saboda gyaɗar da aka shanya. Inna ta dama fura ta ce in kai zaure, inda Baba yake zaune da yayansa, Baffa Sule. Na durƙusa na ajiye ƙwaryar, na kama hannun Baba na ɗora a kan ludayi kamar yadda na saba tun da ganinsa ya ɗauke. Ina shirin tashi na ji Baffa ya ce, "Ga jagora nan Allah ya ba ka a cikin gida. Daga Litinin ta ajiye bokon nan haka." Na fita na laɓe a bayan ƙyaure. Can na ji Baba ya ce, "Yaya, ka ba ni wata guda. In ban iya kai kaina wajen koyon sana'ar nan ni kaɗai ba, sai a yi yadda ka ce." Na koma ciki na bi ta kan gyaɗar Inna ban ma sani ba, sai da ta daka min tsawa.

Baba manomi ne, kuma kafin ciwon ido ya same shi ba a fin sa ta da kunyoyi a gona. Shekara biyu ganin yana raguwa, an je asibiti a Daura, an je Katsina, likita ya ce an makara. Tun daga nan Baffa ne ke noma gonarsa da tamu, shi ke auno mana hatsi, don haka maganarsa ita ce magana. Ba mugun mutum ba ne, na daɗe da gane haka, tsoro yake kada wani ɗan acaɓa ya banke masa ƙane a hanya. A wajenmu kuwa abin da aka sani shi ne makaho da ɗan jagoransa. Ni ce 'yar fari, ƙanena Sani ko wandonsa bai iya ɗaurewa ba tukuna, ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san kan wa abin zai faɗa. Ni kuma ina son makarantar nan kamar me. Ba wai na fi kowa ƙoƙari ba, lissafi ma bulala yake ja min kullum, amma ni ce mai kaɗa ƙararrawar tashi, kuma a ganina babu wani muƙami a duniya da ya kai wannan.

Sana'ar da Baba yake nufi a wani ɗaki ake koyar da ita kusa da kasuwa, wanda ofishin walwalar jama'a ya buɗe wa masu lalurar gani. Ana koya musu saƙar kujeru da gadaje da igiyar roba, da tufkar igiya ta ɗaure dabbobi. Malamin wajen, Malam Ɗahiru, makaho ne tun yana ƙarami, a wata makarantar makafi ya yi karatunsa. Mutum ne mai barkwanci, amma yana da doka guda da ba ya sassautawa: ba ya karɓar ɗalibin da yaro ɗan makaranta ke jawowa. Yakan ce, "In na koya wa uba saƙa, 'ya kuma ta rasa karatu, me na yi ke nan?" Saboda haka darasin farko a wajensa tafiya ce. Kullum bayan la'asar sai ya zo ƙofar gidanmu da farar sandarsa, ya ba Baba irinta, su kama hanya su biyu, shi a baya yana magana, Baba a gaba yana lalube.

Watan nan ban ji daɗin komai ba. In ina surfe, kunnena na waje. In an aike ni ɗiban ruwa a famfon tuƙa-tuƙa, sai in zagaya ta lungun da suke bi, tulu a kai, in tsaya ina kallo. Abin da nake gani shi ne sandar Baba tana ta karo da tarkace. Akwai wani tsohon kututturen ɗorawa a kwanar farko, akwai tayar mota da aka binne rabinta a ƙasa ana ɗaure akuya, akwai kuma wani ƙaton dutse a bakin kwata. Duk inda ya zo sai in ji sandar ta yi ƙwas, shi kuma ya tsaya cak kafin ya ci gaba. Wata rana ma ƙaurinsa ya daki kututturen har jini ya ɓata masa wando. Na tsani abubuwan nan uku kamar su suka makantar da shi. A aji ina ƙirga kwanaki a bangon littafi, a wajen carafke kuma ƙawata Talatu ta yi ta cinye ni, ni da ba a taɓa cinyewa ba, har ta fara tambaya ko aljanu ne suka shafe ni.

Ranar Lahadi, jajibirin cikar wa'adin, Malam Ɗahiru ya ce Baba ya huta. Ni kuwa da yamma na tara Talatu da ƙannenta maza biyu, na raba musu soyayyiyar gyaɗa, muka fita aiki. Muka mirgina kututturen har bayan wani kango. Muka haƙe tayar da fartanyar Baba, muka cike ramin muka tattake. Dutsen ya ba mu wuya, sai da muka sa taɓarya muka ɓanɓare shi. Daga nan na ɗauko tsintsiya na share lungun tas, tun daga ƙofar gida har inda ya haɗu da hanyar kasuwa. Wata tsohuwa da ta wuce har albarka ta sa min. Ban gaya wa kowa a gida ba, so nake Baba ya ji hanya ta yi masa sumul, ya yi mamaki.

Da safe na sa kayan makaranta, na rataya jakar buhuna, na bi bayan Baffa. Sharaɗin shi ne mu bi daga nesa, kada wanda ya yi magana. Baba ya fito da bismillah, ya bi jikin katanga lafiya lau. Da ya iso kwanar farko sai ya miƙa sanda inda kututturen yake, sandar ta daki iska. Ya sake miƙawa. Ya matsa gaba, ya yi ta kaɗa ta dama da hagu kamar mai neman abin da ya faɗi a cikin ruwa. A nan ne na gane abin da na yi. Ba karo sandarsa take yi da tarkacen nan ba, da su yake gane inda yake. Kututturen ne ke gaya masa ya karya hagu. Da bai same shi ba sai ya zarce, ya miƙe sak ya nufi babban titi inda babura da motocin haya ke wucewa da gudu. Saura 'yan taku kaɗan ya hau kwalta Baffa ya ruga ya riƙe masa hannu. Haka ya jawo shi gida a gaban 'yan unguwa, Baba na tafe kansa a ƙasa, gumi ya jiƙa masa bayan riga.

A zaure na faɗi gaskiya, ina kuka ina haɗiyar majina. Na ɗauka in Baffa ya ji laifina ne zai ce a mayar da kayan a sake gwadawa. Sai ya girgiza kai ya ce, "To kun gani. Hanyar da yarinya 'yar shekara goma za ta rikita da tsintsiya, gobe mai neman itacen girki ma zai rikita ta." Abin haushin, gaskiya ya faɗa, ni kaina na san haka. Baba ya laluba ya dafa kaina. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka uwata yake ce min. Ya ce, "Daina kuka, uwata. Kuma kada wanda ya mayar da komai. Yaya, ƙara min mako ɗaya." Baffa ya yarda da ƙyar, amma ya ce a makon nan ba zan taka makaranta ba, gara in fara sabawa.

Mako ne mai tsawo. Ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida ina jin ƙararrawar tashi daga nesa, wani can yana kaɗa min ita, kuma ba ya ma kaɗa ta daidai. Inna, da yake ba ta kama sunana, sai dai ta turo min tuwo ta ce, "Ke, ci mana," in tsakura in ture. Malam Ɗahiru da ya ji labari dariya ya yi har da tari, ya ce na riga shi ne kawai, da ma darasin na nan tafe. Safe da yamma suka riƙa fita. Ya koya wa Baba ya dogara da abin da ba ya ɗaukuwa: inda katangar laka ta ƙare ta bulo ta fara, inda ƙasa ke gangarawa zuwa kwata, ɓangaren da rana ke dukan kumatu da hantsi, da yadda ƙarar titi ke buɗewa in lungu ya ƙare.

Litinin ta biyu ban sa kayan makaranta ba, na ji tsoron kada in cire su da kuka. Baba ya iso kwanar nan ya tsaya. Ban san iya daɗewar da ya yi ba, ni dai na san na ciji gefen mayafina har ya huje. Ya ɗaga fuska, ya taɓa katanga da sanda sau biyu, ya karya hagu. Ya gangara, ya tsallake kwatar, ya bi gefen hanya a hankali, wata akuya ta gifta ya dakata mata, har muka hango shi ya yi sallama a ƙofar ɗakin koyon sana'a, muka ji Malam Ɗahiru ya amsa daga ciki. Baffa ya goge ido da hannun riga yana kallon wani wajen, sannan ya ce, "Tsayuwar me kike yi? Kin makara." Bulala uku na sha a bakin makaranta, kuma ina jin ni ce yarinya ta farko da ta karɓe su tana murmushi.

Baba ya shekara goma sha huɗu yana saƙa kujeru a wata rumfa cikin kasuwa, har daga Kongolam ake zuwa saye. Yanzu wuraren koyon sana'ar sun canza, na ga matasa makafi da waya mai karanta musu saƙo, wasu suna koyon kwamfuta, abin da Baba zai so ya taɓa da hannunsa. Lungunmu an yi masa siminti, Malam Ɗahiru da Baffa da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kuma ina koyarwa a firamare a Daura. Ranar da zan tafi kwalejin horar da malamai, Baba ne ya ce shi zai raka ni tasha. Ya ɗora akwatina a kansa, sanda a hannun dama, yana gaba ina biye, yana ce min in kula da ramin da ke gabana. Tun daga ranar ban sake tafiya da kwanciyar hankali irin wannan ba.