Baƙon da Ya Cinye Rana

Mijina Stamen ya yi rayuwarsa yana koyar da yara a ƙauyenmu da ke duwatsun Bulgeriya, ni kuwa na yi tawa ina gadin lambuna daga hannunsa. Duk kaka sai in wayi gari babu kabewata mafi girma, ta tafi makaranta ta zama rana. Kabeji ya zama babbar duniyar nan Mushtari, tafarnuwa ta zama tauraruwar nan Zara, dankali guda shi ne duniyarmu, duk a rataye da igiya a silin ɗin aji. Wakena ma bai tsira ba. Kwalaben wake uku ya jera a taga, ta ɗai-ɗai, ta goma-goma da ta ɗari-ɗari, da su yake koya wa yara gidajen lamba.

In na yi magana sai ya ce, "Radka, ilimi ne." Ni ma sai in ce, "To ka dafa ilimin ka ci idan sanyi ya shigo."

Wata shekara yara suka ragu, hukuma ta ce za ta rufe makarantar, a riƙa kwasarsu a mota zuwa gari. Amma sai an turo sufeto ya kalli darasi tukuna. Stamen ya rame, har ya ba ni tausayi. Ni da hannuna na zaɓa masa kabewar da babu irinta a kwarin nan.

Abin da muka manta shi ne mahaifiyarsa, Baba Tsonka, mai dafa wa yaran abinci. A wurinta baƙo ya shigo ƙauye ya fita da yunwa abin kunya ne har jikoki. Da sassafe, Stamen yana can bakin hanya yana jiran baƙo, ta shiga aji da wuƙa da kwando.

Sufeto na sauka ta ja shi teburi. Ya ce ya ƙoshi, ta ce, "Ɗana, ƙoshin gari ba ƙoshi ba ne, zauna." Ya sha miyar wake, ya ci naɗin kabeji da shinkafa, ya bi da banitsa, wainarmu mai ninki-ninki, an cika ta da kabewa. Har ƙari ya nema.

Da aka shiga aji, igiyoyi ne kawai ke lilo. Stamen ya ɗaga kai, ya dubi uwarsa, ya ce, "Mama, ina rana?"

"Ta nuna, ɗana. Da ka bar ta ruɓewa za ta yi."

Sufeto ya nuna kwalaben da babu komai ciki, ya tambayi wata yarinya, Gergana, wace lamba ce wannan.

Ta ce, "Sifiri, sifiri, sifiri, Yallaɓai."

"Ina ɗaruruwan suka tafi?"

"Suna cikinka, Yallaɓai. Goma-goman ma haka."

Na ɗauka an gama da mu. Amma Stamen, da ya ga babu abin da ya rage a cinye, sai ya kora kowa tsakar makaranta. Ya tsai da uwarsa a tsakiya da ludayinta, ya ce ita ce rana, tunda ita ta san inda ta kai ta. Yara suka kama gurabensu suna kewaya ta, na kusa da sauri, na nesa a hankali, kowa yana faɗin sunan duniyarsa. Babu mai zama Mushtari, sai Gergana ta ce ai wanda ya cinye shi ya fi cancanta. Haka babban mutum ya yi ta zagaye Baba Tsonka yana haki, ita kuma tana tambayarsa ko gishiri ya ji.

Ba a rufe makarantar ba sai bayan Stamen ya yi ritaya. Har yau ina yi masa faɗan lambu, amma tun daga waccan shekarar har ya bar aiki kabewa biyu nake warewa, ɗaya ta aji, ɗaya ta baƙo.